Maganin Mutum Biyu

Aurena na biyu ni na zaɓa da kaina. Na farko lafiya muka zauna, Allah ya yi wa mutumin rasuwa, na gama takaba na koma Darki wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarama. Muna yin man gyaɗa da ƙuliƙuli, duk Juma'a mu kai kasuwar Wudil. A nan wani direban tifa ya ishe ni da ciniki. Kullum sai ya sayi kwalba, har na tambaye shi ko wanka yake da man. Ya ce a'a, motarsa ce ba ta shan kowane mai sai nawa. Na ce to Allah ya ba motar lafiya. Shi ma ya taɓa aure bai daɗe ba, saboda haka babu wanda ya tsaya yi wa wani yanga. Kafin kaka ta zagayo an ɗaura.

Shekarun nan ne kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka daina maganar fam da sule. Kowa a Kano gini yake yi, mai hali da marar hali, kuma duk ginin da yashin koginmu ake yin sa. Tun da sassafe za ka ji tifofi suna gurnani a kan gada. Maigidana yana cikinsu. Ya yi lodi a bakin kogi, ya kai birni, ya dawo, kuma kullum a gida yake kwana. Ba ya shigowa hannu rabbana: yau burodi, gobe lemo, wata rana rediyo mai jakar fata. Gidansu yana Wudil, a gangaren kogi, mu uku ne a ciki, ni da shi da mahaifiyarsa, Inna. Mutum ne mai dariya, mai saurin yafiya, mai taurin kai irin na masu kirki, wanda in ya yanke cewa abu alheri ne ko da gatari ba ka raba shi da shi. Ina son sa. Ban taɓa faɗa masa da baki ba, don a lokacinmu ba a yi, amma ya sani.

Ba mu daɗe da tarewa ba ciwon ya fara. Na tsufa yanzu, zan faɗe shi yadda yake. Ƙaiƙayi ne a gaba, irin wanda ba ka da wurin sosawa a cikin mutane. Sai ruwa ya biyo baya, mai kumfa, rawaya-rawaya, da ƙarni kamar an wanke kifi. Fitsari ya zama azaba. Kwanciyar aure kuwa sai dai in cije leɓe. Abin da ya fi ci mini rai shi ne salla: in yi alwala, kafin in tayar da kabbara in ji damshi, in koma. Na riƙa wanke zane ina shanyawa a bayan ɗaki don kada Inna ta lura da yawan wankin. Na daina zuwa biki da suna. In mace ta matso kusa da ni a kan tabarma sai in ja jiki, a raina ina cewa ta ji warin.

Inna ta lura, dama wace tsohuwa ce ba za ta lura ba. Ta ce sanyi ne. Yarinyar tudu an kawo ta bakin ruwa, ga ɗaki na ƙasa mai damshi, me ake jira? Aka hana ni ruwan randa, sai mai ɗumi. Aka dafa mini bagaruwa in zauna a ciki. Aka yi mini turaren tsuguno har cinyoyina suka yi jawur. Na sha jiƙe-jiƙe, na sha yaji, na sha kunun kanwa har na tsane shi. Abin ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa.

Al'adarmu ce in ciwon mace ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, danginta su zo su tafi da ita gida jinya. Gwaggo ta zo ta ɗauke ni. Ita ba ta yarda da maganin Inna ba, don tun ranar ɗaurin aure jininsu bai haɗu ba. Ta kai ni ɗakin shan magani. Ma'aikacin namiji ne, saboda haka ni dai na sunkuyar da kai, Gwaggo ta yi bayani, bayanin kuma bai wuce kalma biyu ba: sanyin mata. Ya ba mu wasu fararen ƙwayoyi masu ɗacin tsiya, waɗanda in ka sha bakinka zai wuni kamar ka tsotsi ƙusa. Kafin su ƙare na warke sarai. Na yi ƙiba, na yi kitso, na koma ɗakina ina taku ɗai-ɗai.

Wata bai cika ba ciwon ya dawo.

Haka muka shiga zarya tsakanin Wudil da Darki. In je gida, a sayo mini ƙwayoyin nan a kemis, in warke. In dawo ɗakin mijina, in kwanta. Tun mutane suna yi mini sannu har suka koma kallona da gefen ido. Kowa ya ga abin da ke faruwa, kuma abin da suka gani gaskiya ne: a can lafiya, a nan ciwo. Fassarar ce kowa ya kawo tasa. Inna ta ce damshin ɗaki. Gwaggo ta ce ƙasar gidan ce ba ta karɓe ni ba. Wata maƙwabciya ta ce ai tsohon masai ne, tururinsa ke shigar mace. Wani malami ya ce an taka wani abu a bakin ƙofa, ya ba da rubutu da abin binnewa.

Maigidana ya saurari kowa, ya ce to duk za a yi. Shi da yake kai wa mutanen birni yashi, shi za a gaya wa gini? Ya sa aka buga bulo a tsakar gida. Ya tayar mini da ɗaki sabo fil, daɓen siminti, rufin kwano, taga mai gilashi, irin wanda duk unguwar babu. Ya sa aka cike tsohon masai aka haƙa wani. Ya sayo gadon ƙarfe da katifa don kada bayana ya ƙara taɓa ƙasa. Ranar da na dawo daga jinya ya tsaya a bakin ƙofar yana washe baki, hannunsa duk kaushin siminti, ya ce, “To 'yar Darki, sanyi dai sai ya nemi wani gidan.” Mata suka yi ta shigowa kallo suna shafa bango. Na zauna a bakin gadon nan na yi kuka don daɗi. Ban san an bar jaki ana dukan taiki ba.

Da ciwon ya same ni a sabon ɗakin ma, sai na ga dariyarsa ta ragu. Wata safiya ya ce in shirya, babban asibiti zai kai ni a birni. Na hau gaban tifa, yashi cike a baya. Ya sauke ni a bakin ƙofar asibitin, ya nuna mini inda mata suke layi, ya ce zai je ya juye lodi ya dawo. Ko da bai da lodi ba zai shiga ba. Me namiji zai yi a layin mata?

Malamar asibitin da ta duba ni babbar mace ce, Hausarta da ɗan gargada, amma ba ta da ƙyanƙyami. Ta ɗebi ruwan a ɗan tsinke mai auduga, ta aika da shi wani ɗaki, ta ce in jira. Da aka kira ni, tambayar farko da ta yi ita ce, “Ina mijinki?”

Na ce, “Ya je sauke yashi.”

Ta yi tsaki, ba da ni ba. Ta kama hannuna ta kai ni ɗakin, ta ce in rufe ido ɗaya in leƙa cikin madubin nan nasu mai ƙara girman abu. Da farko haske kawai na gani. Can sai na ga wasu 'yan abubuwa suna motsi, suna wutsil-wutsil kamar 'ya'yan kifi a gefen kogi. Na ja da baya na yi salati.

Ta ce, “Kin gan su? Su ne ciwonki. Ba sanyi ba ne, ba ɗaki ba ne, ba masai ba ne. Halitta ce mai rai, wurin kwanciya take bi daga miji zuwa mata, daga mata zuwa miji. Ke kina shan magani suna mutuwa. Shi yana ɗauke da nasa. Kina komawa ya mayar miki.”

Na ce, “Malama, ai shi lafiyarsa ƙalau.”

Ta ce, “Haka yawancin maza suke, ba sa jin komai. Mata ma da yawa ba sa ji. Yana iya daɗewa a jikin mutum bai sani ba. Kada ki tsaya neman wanda ya kawo, ba za ki gano ba, kuma ba shi ne magani ba. Maganin na mutum biyu ne.”

Ta faɗi sunan abin da Turanci, ya shiga ta nan ya fita ta can. Sai da jikata ta yi karatun aikin jinya ta ce mini tirikomonas ake ce masa, ta kuma maimaita mini maganar malamar nan kusan kalma da kalma, kamar tare suka zauna. A ranar dai ƙulli biyu aka ba ni na ƙwayoyin da na riga na sani. Ɗaya nawa, ɗaya nasa. Mu fara tare, mu gama tare, kowa ya kwana a shimfiɗarsa har sai an gama an ɗan jinkirta.

Na fito daga asibitin kamar an sauke mini dutse. Ashe abin mai sauƙi ne haka! A hanyar dawowa, motar ba lodi tana ta tsalle da mu, na ɗaga murya sama da ƙarar inji na gaya masa komai. Ban ɓoye ko ɗaya ba. Ya saurara har na gama, sannan ya fashe da dariya, har da dukan sitiyari.

“Ni? Dube ni da kyau. Ni da nake ɗaga buhun siminti biyu?”

Na ce ai ta ce maza ba sa ji.

Ya ce, “Ke, na san ciwon sanyin maza. Muna da su a tasha. Mutum ya tsuguna fitsari ka ji yana kiran uwarsa. Ni ko ɗigo ban taɓa gani ba. Ciwon da babu zafi, babu alama, ai sunansa lafiya.”

Na rantse masa na gan su da idona suna iyo. Ya ce ya yarda, a jikina aka ɗebo su, ba a nasa ba. Gaskiya ne kuwa, ba a duba shi ba. Yana can yana juye wa wani ɗan kwangila yashi.

Don ya faranta mini, ya haɗiyi ƙwaya ɗaya da muka isa gida. Washegari ya dawo yana yamutsa fuska, wai tun safe zuciyarsa ke tashi, bakinsa ɗaci, saura kaɗan ya yi amai a kan gada. Mai tuƙa babbar mota ba ya wasa da jiri. Ya ƙulle sauran ya miƙo mini. “Ajiye. In ya dawo miki kin huta zuwa birni.”

Na yi magiya. Na yi fushi, na ƙi magana, na yi kuka. Ni ba mai haƙuri ba ce, duk Darki an san bakina. Na ce masa ya gina ɗaki, ya haƙa masai, ya sayi gado, amma 'yan ƙwayoyin da ba su cika tafin hannu ba sun gagare shi? Ya ce duk waɗancan ai don ni ya yi, wannan ma don ni ya bar shi. Ta ina za ka kama mutumin da yake cutar da kai da alheri?

Kuma da yake shi ba ya ɓoye wa uwarsa komai, sai ya ba Inna labari a matsayin abin dariya. Inna ba ta yi dariya ba. Ta same ni ina tankaɗe, ta tsaya a kaina.

“Wato ɗana ne mai cutar. Shi ya kwaso ya kawo miki.”

Na ce, “Inna, ba haka aka ce ba. Cewa aka yi ba a san...”

“To in ba shi ba ne, ke ce. Zaɓi ɗaya. Mu dai tun kakanninmu ba mu taɓa jin an ɗura wa mai lafiya magani ba. Yaron da ko ciwon kai ba ya yi!”

A wurinta maganar ba ta da fuska ta uku: ko dai na yi wa ɗanta ƙazafi, ko na tona wa kaina asiri. Daga ranar ta daina cin tuwon da na tuƙa.

Na je Darki na gaya wa Gwaggo ina tunanin in daka ƙwayoyin in riƙa zuba masa a miya. Ta dafe ƙirji. “Kul! Kada in ƙara ji. Abin da ɗacinsa ba ya ɓuya? Matar da aka kama tana barbaɗa wa miji abu a abinci, wa zai tsaya jin sunan maganin? Cewa za a yi kin je wurin boka. Ba aurenki kaɗai ba, har sunan gidanmu sai ya mutu.” Gaskiya ta faɗa. Ita ma kuma, can ƙasan ranta, ba ta yarda da zancen 'yan abubuwa masu iyo ba. Ta ce masu asibiti ba su san ƙasa tana ƙin mutum ba.

Na shanye nawa ƙullin, na warke a cikin ɗakina. Na yi ta kawo dalilai ina nesa da shimfiɗarsa, yau ciwon kai, gobe azumin nafila. Amma har yaushe? Mijina ne, kuma ina son sa. Na san abin da zai biyo baya kamar yadda na san bayan la'asar magariba ce. Ranar da na ji ƙaiƙayin ya dawo ina tsakar wanke-wanke, ban ko tashi ba. Na zauna hannuna cikin ruwan kwanuka, na ji duniyar ta fita daga raina. Da ban sani ba, da da sauƙi. Na ga abin da idona, maganinsa yana cikin ɗakina, mai shan sa yana kwana kusa da ni, kuma babu yadda zan yi.

Wannan karon na rame ƙwarai, ba don ciwon kaɗai ba. Abinci ya daina shiga. Gwaggo ta zo ta tafi da ni, kuma a karon farko ita da Inna suka zauna a tabarma ɗaya bakinsu ya zo ɗaya: auren nan ba alheri ba ne ga yarinyar nan. Ba laifin kowa, jini ne bai haɗu ba. An gwada gida, an gwada asibiti, an gwada sabon ɗaki. Kada a zuba ido rai ya salwanta.

Ya zo Darki da la'asar, ya ajiye motar a bakin hanya ya tako da ƙafa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka ce in je. Ban taɓa ganin sa haka ba, idanunsa sun yi ja, yana ta murza hularsa.

Ya ce, “Na rasa yadda zan yi da ke. Duk sanda kika zo nan sai ki yi kyau. Duk sanda kika koma wurina sai ki lalace. Ba zan kashe 'yar mutane don ina son ta ba.”

Na durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa yi wa namiji ba. Na ce, “Malam, don girman Allah, kada ka sake ni. Ka sha maganin nan kawai. Kwana kaɗan ne. Ka ajiye motar ka sha. In ya dawo bayan nan, ni da kaina zan tafi.”

Ya dube ni, hawaye suka zubo masa. Ya ce, “Allah sarki. Kina cikin wannan hali, amma lafiyata kike tunani.”

Saki ɗaya ya yi. Ya ce in Allah ya ƙaddara da sauran zama, za a yi. Ni da shi duk mun san babu.

Cikin idda Gwaggo ta sayo mini ƙwayoyin a kemis kamar kullum. Na warke, kuma ciwon bai ƙara dawowa ba, har yau da nake wannan rubutu. Wannan warakar ita ta fi komai ƙona mini rai, don ita ta zama hujjarsu. Duk wadda ta gan ni a kasuwa sai ta ce, “Kin ga yadda kika murmure? Ai Allah ne ya raba ki da gidan nan.” In ce musu ba gidan ba ne, su yi murmushi, su ce soyayya ce ke magana.

Shi ya kawo mini kayan ɗakina da kansa. An ce sai da ya wanke bayan tifar tas ya shimfiɗa tabarmi kafin a ɗora. Ban fito ba. Aka jibge su a ɗakin Gwaggo, na ƙi ko kallon su. Bayan shekara na ji ya yi aure. Ban yi baƙin ciki ba, tsoro na ji. Ba a daɗe ba kuwa wata mai sayen mai a wurinmu ta ce mini amaryar gidan gangaren kogi ba ta da lafiya, danginta sun zo sun tafi da ita jinya. Aka ce lallai ɗakin nan ba ya karɓar mace. Suka sa masa kwaɗo, daga baya ya zama wurin ajiye buhunan gyaɗa. Na aika wa yarinyar saƙo ta bakin matar nan, cewa ta nemi babban asibiti kuma ta ja mijinta har ciki. Ban san ko ya isa ba. In ma ya isa, saƙon tsohuwar mata ne, wa zai ɗauka?

Sai da wani auren ya zo mini, na uku, wanda na zauna a cikinsa don zama ya zama dole, Gwaggo ta ce in daure in buɗe kayan nan a wanke. Na zauna ina fito da kwanuka ɗaya bayan ɗaya. A cikin babbar fantekata, ƙarƙashin zannuwa, na ji wani abu a ƙulle cikin hankicinsa. Na kwance. Ƙullin asibitin ne, nasa, ƙwaya ɗaya ce kawai babu.

Gwaggo ta leƙo ta ce, “Au, na manta ban gaya miki ba. Ranar da ya kawo kayan ya ce yana ciki, ki adana da kyau, ko da ciwon zai dawo miki.”